Ƙasashen Takarda

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare na yankin Katsina, kuma akwai abu guda da na yi wa wani yaro wanda har yau yake ci mini rai. A aji uku yake. Ina zagayawa ina duba aikin gida sai na ga bayan littafinsa cike da zane: wani tsibiri mai siffar fasasshiyar ƙwarya, da koguna uku, da garuruwa masu sunayen da ban taɓa ji ba, har da ma'aunin nisa a ƙasan shafin, an ja shi da rula tsaf. Na tambaye shi ina ne nan. Ya ce, "Malam, babu shi. Ni na ƙirƙira." Na yage shafin a gaban 'yan ajin, na ce masa taswira ba tatsuniya ba ce, abin da ke ƙasa shi ake ɗorawa a takarda. Bai ce uffan ba. Ya tsince guntayen ya zuba a aljihu.

A ranar na yarda da abin da na faɗa. Sai da na zauna na karanta tarihin sana'ar zanen taswira na gane cewa zana abin da babu shi tsohon aiki ne a cikinta, kuma manyanta sun yi shi fiye da yara.

A 1796 wani likita ɗan Sikotlan, Mungo Park, ya isa bakin Kogin Kwara a Segu, cikin Mali ta yau, ya ga ruwan yana gangarawa gabas. Da ya koma gida aka ba James Rennell aikin zana taswirar tafiyar. Rennell ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ya auna ƙasar Bengal ta Indiya, kuma a Ingila ta wancan zamani in ya yi magana a kan labarin ƙasa to an gama. Abu ɗaya ya dame shi: in kogi mai girma haka yana tafiya gabas, me ya hana shi karkatowa kudu ya faɗa teku? Park ya ambaci cewa ya hango wasu duwatsu daga nesa, aka ce masa suna cikin ƙasar Kong. Da wannan 'yar magana Rennell ya gina katanga. A taswirarsa ta 1798 ya ja jerin tsaunuka daga yamma zuwa gabas, ya ce su suka tare kogin, shi kuwa kogin yana ƙarewa ne a wata fadama ta cikin ƙasa mai suna Wangara, inda rana ke shanye shi.

Daga nan sai kwafa. Wannan ya ɗauka daga Rennell, wancan ya ɗauka daga wannan, kowa yana ƙara wa duwatsun tsawo. A 1805 John Cary ya haɗe su da Duwatsun Wata na gabashin Afirka, suka zama ɗamara guda da ta ratsa nahiyar. Wasu masana biyu, Thomas Bassett da Philip Porter, sun bi diddigin abin a 1991, suka ƙirga taswira arba'in da ke ɗauke da Duwatsun Kong tsakanin 1798 da 1892. Abin lura shi ne, tun 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi Kwara a kwalekwale har bakin teku. Dalilin da aka ƙirƙiri duwatsun dominsa ya rushe a wannan shekara, amma duwatsun suka ci gaba da zama a takarda kusan shekara sittin bayan haka.

Kakan mahaifina falke ne. Ban riske shi ba, amma kakata ta riske shi da tsufansa, kuma daga bakinta na ji sunayen zangon da ayari ke bi zuwa Gwanja sayen goro: a ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, a ratsa Bargu ta Nikki, a wuce Jugu, a bi ta Sansanin Mango da Yandi, a sauka Salaga. Watanni ake yi. Da na shimfiɗa wannan hanya a kan hoton wata tsohuwar taswira ta Turawa, sai na ga ta ratsa tsakiyar Duwatsun Kong. Kowace shekara dubban jakuna da kayan kanwa da tufafin Kano suna bi ta cikin tsaunin da malaman Landan suka ce ya raba ƙasar biyu, su dawo da huhunan goro. Kowane madugu yana da taswira a kansa, wadda ta fi ta Rennell inganci nesa ba kusa ba: ya san rijiyar da ke ƙafewa da rani, ya san mashigin da ake biyan fito, ya san dajin da ba a kwana. Tasa ba a buga ta ba, shi ya sa ba a lissafa ta cikin ilimi ba.

Wanda ya share duwatsun wani hafsan sojan Faransa ne, Louis-Gustave Binger. Ya tashi daga Bamako a 1887, ya shiga garin Kong na 'yan kasuwar Jula, a arewacin Kodebuwa ta yau, a farkon 1888. Da ya koma Paris a 1889 ya shaida wa ƙungiyar masana labarin ƙasa cewa bai ga ko jerin tuddai ba. Gani ya kori ji. Sai dai gaskiyar ba ta zo wa mutanen yankin da alheri ba. Da katangar ta ɓace daga takarda, sai Faransa ta ga hanya a buɗe tsakanin abin da ta riƙe a cikin ƙasa da bakin teku. A 1893 Binger ɗin nan ya zama gwamnan farko na mulkin mallakar Kodebuwa.

Mu ma muna da hannu a wannan tarihi. A watan Maris na 1824 wani Bature matafiyi, Hugh Clapperton, ya isa Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, mutumin da ya riga ya rubuta bayanin ƙasashen Sudan a farkon littafinsa Infaƙul Maisuri. Clapperton ya ruwaito cewa Bello ya zana masa hanyar Kwara a kan rairayi, ya nuna masa tana kaiwa teku. Amma taswirar takarda da aka ba shi ya tafi da ita, wadda aka buga a Landan a 1826, ta nuna kogin yana miƙewa gabas, da bayanin cewa yana kaiwa Masar. Tsohon ra'ayi ne wannan na haɗa kogin ƙasar Sudan da Nilu, yana nan tun a taswirar da Al-Idrisi ya kammala wa Sarki Roger na Sisili a 1154. Akwai masu tarihi da ke ganin da gangan fadar Sakkwato ta bar baƙon da wannan zane, bayan ta fahimci abin da jiragen Ingila za su iya yi in suka san bakin kogin. Ni na karkata ga wannan fahimta. Bello ya san abin da Ingilishi suka yi a Indiya, kuma mutum ne mai hangen nesa.

Taswirar ƙirƙira da ta fi kowace tasiri a rayuwata kuwa ba a kiranta ƙirƙira. A watan Agusta na 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, arewa na Faransa, kudu na Ingila. Firaministan Ingila na lokacin, Lord Salisbury, ya faɗa a bainar jama'a cewa suna ta raba wa juna duwatsu da koguna da tafkuna ba tare da sun san takamaiman inda suke ba. A 1898 suka sake zama a Paris. Wannan karon sai suka kafa ƙafar kamfas a kan birnin Sakkwato, suka buɗe shi mil 100, suka ja rabin da'ira, suka ce nan ce iyaka. Duk lokacin da na ɗauki babban kamfas na katako zan ja da'ira a allo, sai wannan ya faɗo mini a rai. A 1898 Sarkin Musulmi Abdurrahman yana kan gadonsa, alƙalai suna shari'a, ana kai gaisuwa daga Kano da Zazzau da Adamawa. Sakkwato ba ta faɗi ba sai a Maris na 1903. Wato kusan shekara biyar wannan zane yana matsayin tsibirin ɗalibina, hoton wata duniya da babu ita. Bambancin kawai, masu wannan zanen suna da bindiga mai ruwa.

A wannan layi na 1898, Birnin Ƙonni da Maraɗi a ɓangaren Ingila suka faɗo. Faransawa suka ga an tura su cikin ƙasar da ba ta da isassun rijiyoyi, ba su da hanyar da ayarinsu zai bi daga Kwara zuwa Damagaram. Sai aka yi ciniki a 1904: Faransa ta saki tsohon haƙƙinta na amfani da gaɓar Newfoundland, can a Kanada ta yau, inda masuntanta ke shanya kifi, Ingila kuma ta ba ta wasu wurare a Afirka ta Yamma, ciki har da matso da iyakar nan kudu. Aka ƙara gyara a 1906, sannan aka fito aka kafa alamu a ƙasa. Ina da 'yan'uwa a Maraɗi, 'ya'yan ƙanwar kakata. Yaransu sun yi boko da Faransanci, nawa da Ingilishi. In zan je gaishe su sai na tsaya a Jibiya an duba takarduna, na canza naira zuwa sefa. Duk wannan yana da alaƙa da busasshen kifi a wata gaɓa mai sanyi wadda babu ɗayanmu da ya taɓa gani. Wanda ya san wannan labari ba zai ƙara kallon taswirar Nijeriya da Nijar kamar abin da aka halitta tare da ƙasa ba.

Akwai kuma wadda Allah ya tsare mu da ita. Daga 1928 wani mai zanen gine-gine a Munich ta Jamus, Herman Sörgel, ya duƙufa kan shirin da ya kira Atlantropa: a datse mashigin Jibraltar, a rage ruwan Bahar Rum, a samu sabuwar ƙasar noma da wutar lantarki. Daga baya ya ƙara da Afirka. A datse Kogin Kwango ya zama teku a tsakiyar nahiya, rarar ruwan ta kwararo arewa ta cika kwarin Chadi, daga nan a ja sabon kogi ya ratsa Sahara. Na ga zanen, shuɗin fenti shimfiɗe a kan garuruwa da gonaki da makabartun mutane, babu ko alamar an tuna da su. Har ya mutu a 1952 yana neman wanda zai aiwatar.

To, a gefen waɗannan akwai wani reshe na sana'ar, na masu faɗa tun farko cewa ƙirƙira suke yi. Littafin Utopia na Thomas More ya fito a 1516 da hoton tsibirinsa a gaba. A 1881 Robert Louis Stevenson ya zana wani tsibiri yana ɗebe wa agolansa kewa a ranakun ruwan sama, daga zanen ne labarin Treasure Island ya fito. Mu namu ƙasashen ƙirƙira a baki suka fi zama. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ko Ganɗoki na Bello Kagara ya yi tafiya mai nisa a ƙasashen da ba su da taswira, kuma babu wanda ya ce an yaudare shi.

Wadda ta sa na canza yadda nake koyarwa ita ce taswirar wani mai zane ɗan ƙasar Suwidin, Nikolaj Cyon, mai suna Alkebu-Lan 1260 AH. Wani tsohon ɗalibina ya bugo mini ita daga intanet a babbar takarda. Tambayar da ta taso daga gare ta ita ce: da Turai ba ta samu ƙarfin mamaye Afirka ba, yaya nahiyar za ta kasance? Annobar da ta auka wa Turai tsakanin 1347 da 1351 ta kashe wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanenta. Marubucin Amurka Kim Stanley Robinson, a littafinsa The Years of Rice and Salt na 2002, ya ƙaddara cewa ta kashe kusan kowa, kuma daga irin wannan tunani Cyon ya tashi. Ya sa shekarar Hijira, 1260, wadda ta yi daidai da 1844. Ya kuma juya nahiyar, kudu a sama, arewa a ƙasa, kamar yadda Al-Idrisi ya yi. Ranar da na manna ta a allo, sai da 'yan aji suka yi ta karkata kai kafin su gane Afirka ce. Wata yarinya ta ce, "Malam, an manna ta a kife." Na ce mata ta nuna mini inda aka rubuta cewa arewa ce sama. Muka ci rabin darasin a kan wannan kaɗai.

Abokin aikina, malamin addini, ya ja ni gefe a ɗakin malamai. Ya tuna mini hadisin da ya gargaɗi mumini game da kalmar "da", cewa tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Na ɗauki maganarsa da muhimmanci, muka zauna muka duba sharhin malamai tare. Abin da aka hana shi ne "da" ta baƙin ciki da jayayya da ƙaddara. Amma mutum ya auna sababi da abin da ya haifar don ya fahimta, wannan aikin mai hankali ne, kuma duk mai karanta tarihi yana yin sa ko bai sani ba. Ya gamsu, har ya zo ya zauna a bayan aji a mako na gaba.

Aikin da na ba su shi ne su zana ƙasar Hausa ta yau da a ce ba a ja layin 1898 ba. Na zaci za su kawo mini babbar daula guda mai launi ɗaya daga Agadas zuwa Binuwai, kuma da yawa haka suka fara. Sai muka koma ga ainihin 1844. Aliyu Babba ne a Sakkwato, Ibrahim Dabo a Kano, Shehu Umar a Barno. Maraɗi kuwa mazaunin sarakunan Katsina ne da jihadi ya kora, kuma tsakaninta da Katsina hari ne da ramuwa, ana ƙone ƙauyuka, ana kama mutane bayi. Gobirawa na Tsibiri ba su miƙa wuya ba. Na nace a kan wannan, domin taswirar "da a ce" da ta mai da zamanin kakanni aljanna ita ma Duwatsun Kong ce, an zana abin da rai ke so ne. Wani yaro ya tsaya da fensir a hannu ya ce bai san inda zai ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi ba. Na ce masa ya gano abin da ya fi komai muhimmanci a darasin. Ikon sarki a wancan zamani yana da ƙarfi a birni mai ganuwa da ribaɗi, yana raguwa yayin da ake nisa, har ya narke a daji irin na Gundumi, inda ayari ke ratsawa da dare cikin tsoro. Siririn layi mai raba gona biyu baƙon abu ne. A ƙarshe yaron ya yi amfani da launi mai kauri a tsakiya, yana dusashewa zuwa gefe, ya bar fari a tsakani.

Masu zanen gaba mai nisa kuma ba daga son rai suke tashi ba, daga awo suke tashi. Tun 1912 Alfred Wegener ya ce nahiyoyi suna tafiya, aka yi masa dariya, sai bayan mutuwarsa aka tabbatar. Afirka tana matsawa wajen Turai kaɗan-kaɗan a kowace shekara. Masanin Amurka Christopher Scotese ya bi wannan lissafi ya zana duniya bayan shekara miliyan 250: Bahar Rum ta rufe ta zama tsaunuka, nahiyoyi sun sake curewa wuri guda. Gaibu sai Allah, kuma shi ma mai zanen hasashe ya kira abinsa. Amma nakan nuna wa yara cewa ƙasar da muke takawa ta riga ta sauya kama fiye da haka. Kwarin Binuwai tsaga ce da ta fara buɗewa lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, sannan ta tsaya. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi a Sakkwato, a ƙarƙashin teku ya taru. A yankin Goronyo an haƙo ƙasusuwan wata babbar dabbar teku har aka sa mata sunan garin, Goronyosaurus. Nakan ɗauki shuɗin alli na ja ruwa daga arewa, ya ratsa Sahara, ya rufe Sakkwato da Wurno inda kabarin Bello yake, na ce musu wannan ba ƙirƙira ba ce, an yi haka. Ajin yakan yi tsit.

Yaron da na yage wa shafi ban sake ganinsa ba tun da ya gama makaranta. Na yi cigiya wajen 'yan ajinsu, aka ce iyayensa sun tashi daga garin. Sunayen garuruwansa sun ɓace mini, amma zanen yana nan a idona, domin na dube shi sosai kafin na yage. Ya sa tudu a tsakiyar tsibirin, ya yi masa 'yan gajerun layuka masu nuna gangare kamar yadda na koya musu. Kogunan nan uku duk daga tudun suka taso, ƙananan rafuka suna shiga cikinsu ta inda ya dace, babban birnin yana bakin mafi girmansu, kuma kowane ɗaya ya gangara har ya sami teku.